Ido ya gaji da waya: abin yi, daga riƙon waya har tukunyar miya

Duk wanda ya bi ta tashar Aboabo a Kumasi da rana tsaka ya ga zaman mai MoMo, mai tura kuɗi ta waya: ƙarƙashin lema, waya biyu ko uku a gabansa, ya kanne ido yana bin lamba goma ɗaya bayan ɗaya, don ya san in ɗaya ta kuskure kuɗin wani sun tafi. Haka mai gyaran waya a Adum yake wuni a sunkuye, haka ɗalibar da ke bitar jarrabawar WASSCE, haka Alhajin da ya mai da tilawarsa cikin manhaja. In magariba ta yi, kukan nasu ɗaya ne. Ido na raɗaɗi, ana jin yashi-yashi a ciki, rubutu na yin dishi-dishi, goshi ya yi nauyi, wuya ya riƙe.

Bari in fara da abin da zai kwantar da hankali. Kallon waya ko kwamfuta ba ya makantar da babban mutum. Abin da yake jawowa gajiya ce, kuma tana tafiya in an bi hanyarta. Sai dai wahalar da ake sha ta gaske ce, masu talla kuwa sun gano haka, shi ya sa tabarau da ƙwayoyin "ƙarin gani" suka cika gari. Gajiyar yau, gyaran zama da ɗabi'a ne maganinta. Abinci kuma aikinsa na dogon zango ne, shi ke tsare idon shekaru masu zuwa. Wanda ya cakuɗa biyun nan zai kashe kuɗinsa a banza.

Mataki na 1: Gane wace iri ce taka

Gajiyar waya kashi biyu ce, kuma sau da yawa tare suke zuwa. Ta farko bushewa: raɗaɗi, ja, ƙaiƙayi, gani ya dushe amma da ka ƙifta sau biyu ya washe. Ta biyu gajiyar tsoka: ciwon goshi da gefen kai, harafi ya riƙa rabuwa biyu, in ka ɗaga kai daga waya sai nesa ta ɗauki 'yan daƙiƙu kafin ta fito sarai.

Yi wannan gwajin yau. Tsaya nesa da wani allon talla ko kalandar bango, rufe idon dama da tafin hannu ba tare da ka danna shi ba, karanta. Sannan rufe na hagu. Mutane da yawa sun shekara ido ɗaya ne ke musu aiki ba su sani ba, don ɗayan yana rufa asirin ɗan'uwansa. In ka ga bambanci a fili, tsallake zuwa mataki na ƙarshe, maganarka ta asibiti ce.

Mataki na 2: Mai da wa ido hawayensa

Hawayen da ke lulluɓe ido hawa uku ne. A ƙasa akwai yauƙi mai manne shi da ƙwayar ido, a tsakiya ruwa, a sama kuma wani siririn maiƙo da ke hana ruwan ƙafewa. Maiƙon nan daga wasu ƙananan kafofi yake fitowa, a jere a bakin fatar ido daf da tushen gashi, kuma ƙiftawa ce ke matso shi. Mutum a zaune yana hira yakan ƙifta sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya. Da ya ƙura wa waya ido, sai adadin ya faɗi zuwa rabi ko ƙasa da haka. Kuma ƙiftawar da ta rage ma ba cikakkiya ba ce, fatar sama ba ta sauka ta taɓa ta ƙasa.

Wani zai ce, "Ni ai idona ruwa yake yi, ina maganar bushewa?" Ita ce dai. In saman ido ya bushe ya fara zafi, sai jiki ya kwararo ruwa tsinkakke mara maiƙo, ya zubo a kumatu, idon kuma ya koma yadda yake.

Ga abin yi. Sau ɗaya a kowace awa, lumshe ido a hankali ka ƙirga biyu, ɗan matse shi ka ƙirga biyu, sannan ka buɗe. Maimaita sau biyar zuwa goma. Da dare kuma ka samu tsumma mai tsabta, ka tsoma a ruwan ɗumi wanda bayan hannunka zai iya jurewa, ka matse, ka ɗora a kan ido a rufe na minti biyar zuwa goma. In ya huce ka sake tsomawa. Ɗumin yana narkar da maiƙon da ya daskare a kafofin nan. Bayan ka cire, ka shafa fatar ido da yatsa mai tsabta zuwa wajen gashin, ta sama ka yo ƙasa, ta ƙasa ka yi sama. Masu yawan fama da hazbiya su ma wannan gashin na ruwan ɗumi yana musu amfani. Ba aikin dare ɗaya ba ne, a ba shi mako biyu zuwa huɗu.

Sai iska. Fanka in tana bugun fuska kai tsaye, ƙafar da hawaye take yi, ka juya ta ta bugi jiki ko bango. Hayaƙin gawayi da na maganin sauro ma haka. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke sauko mana da ƙura, komai yakan ninka, don haka mai babur da mai tuƙa pragya su sa tabarau mai rufe gefe.

In duk da haka raɗaɗin bai lafa ba, akwai ruwan ɗigawa mai jiƙa ido kawai, wanda ake kira hawayen roba. Duba jikin kwalin, za ka ga an rubuta hypromellose ko carboxymethylcellulose. Ɗigo ɗaya ya isa, ido ba ya riƙe fiye da haka. Kada bakin kwalbar ya taɓa ido ko yatsa. Na kwalba da aka saba sayarwa yana da sinadarin hana lalacewa, kada a wuce sau huɗu a rana da shi, kuma a yar da shi bayan kwana 28 da buɗewa. Rubuta ranar a jikin kwalin, don mantuwa ba ta da wuya.

Mataki na 3: Saki tsokar

A cikin ido akwai wata tsoka zagayayya da ke matsewa don daidaita madubin ido duk lokacin da ka kalli abu na kusa. Kallon nesa ne hutunta. Wuni a kan waya tamkar ka dunƙule hannu ne tun safe ba ka buɗe ba, ko ba ka riƙe komai ba sai yatsun sun sage.

Likitocin ido suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: bayan kowane minti 20, kalli abin da ke nesa da ƙafa 20, wato kamar mita 6, na daƙiƙa 20. Ƙa'idar da kyau, amma ban ga mai sana'ar da zai zauna yana duba agogo ba. Gara ka ɗaura hutun a jikin aikin kansa. Mai MoMo, duk kwastoman da ya tashi, ka bi shi da kallo har ya tsallaka titi kafin ka karɓi na gaba. Mai gyaran waya, duk wayar da ka rufe, ɗaga kai ka karanta allon shagon da ke can ƙetare. Ɗalibi, ƙarshen kowane shafi biyu. Mai kallon bidiyo, to, kai ne mai wuyar sha'ani, don an gina abin ne yadda ba zai ƙare ba. Sa wa kanka ƙararrawa.

Bayan awa biyu ana son hutu mai tsawo, kamar na kwata. Mu kam an riga an raba mana yini da salloli. In an kira azahar ko la'asar, bar wayar a aljihu tun daga alwala har ka dawo, ka taka zuwa masallaci kana kallon gabanka. Amma tashi daga kwamfuta ka ɗauki waya ba hutu ba ne, ƙarin aiki ne, don wayar ta fi kusa da ido.

Mataki na 4: Gyara wayar da wurin zama

Tazara tukuna. Waya ta kasance santimita 35 zuwa 40 daga ido, kamar tsawon kamu ɗaya daga gwiwar hannu zuwa dunƙulen yatsu. Kwamfuta kuma tsawon hannu a miƙe, santimita 50 zuwa 70, saman allonta daidai ido ko ƙasa kaɗan. Kallon ƙasa-ƙasa yana sa fatar ido ta sauko ta rufe wani sashe, hawaye ya rage ƙafewa. Mai laftof ya ɗora ta kan littattafai in ta yi ƙasa da yawa har wuya na lanƙwasa.

In a wannan tazarar ba ka iya karatu, kada ka matso da wayar, ƙara girman rubutu. Kowace Tecno, Infinix, itel ko Samsung tana da wurin a saitin allo, WhatsApp ma yana da nasa a ɓangaren hira. Babu abin kunya a manyan haruffa. Dogon saƙo kuwa, ai mun iya saƙon murya, a yi amfani da shi.

Haske: ɗauki farar takarda ka ajiye kusa da wayar. In wayar ta fi takardar haske sosai, rage. In ta fi ta duhu, ƙara. A waje, ka juya zamanka yadda rana ba za ta faɗa kan gilashin ba, kuma ba za ta kasance a gabanka ba. Gilashin kariya da ya tsattsage ko ya sha ƙarce, canza shi. Na ga masu karanta lambar kuɗi ta tsakanin tsagu kamar yanar gizo, alhali kuɗin sabo bai kai na magani ba. Goge maiƙon yatsa kullum.

Mataki na 5: Dare

Mafi munin kallo shi ne na cikin duhu, a kwance, waya daf da hanci. In an ɗauke wuta, kunna fitila ko 'yar tocila ka haska bango, ka rage hasken wayar. Saitin dare mai mai da allo rawaya-rawaya ba laifi, yana rage ƙyalli. Abin da ya fi shi shi ne ajiye wayar awa ɗaya kafin barci. Idon da bai samu barcin awa bakwai ba, da gajiyarsa zai tashi.

Mataki na 6: Tukunya

A nan zan daɗe, don a nan ne muke da arziki a gabanmu muna tsallake shi.

Bitamin A shi ne na farko. Bangon bayan ido, inda hoto ke sauka, da shi yake haɗa sinadarin gani a duhu. In ya yi ƙaranci sai dundumi ya fara, mutum ya kasa gani da magariba, daga nan saman ido ya bushe, a yara ƙanana har yakan kai ga makanta. Namiji babba yana bukatar maikrogiram 900 a rana, mace 700. Ana samunsa a shirye a hanta, ƙwai da madara. Jiki kuma yana haɗa shi da kansa daga launin ja da ruwan lemo na tsirrai: manja, karas, mangwaro, gwanda, kabewa, da dankali mai jan ciki. Irin dankalin nan da ake kira Apomuden, cibiyar binciken amfanin gona ta Fumesua, nan bakin Kumasi, ita ta fitar da shi. In kun gan shi a kasuwa ku saya wa yara, a dafa ko a gasa.

Manja yana cikin abinci mafi yawan wannan sinadari a duniya, kuma jan nan nasa shi ne amfanin. To amma dubi abin da ake yi masa. A ɗora shi a wuta, a bar shi har ya yi hayaƙi ya cika gida, ya koma fari-fari, wai an kashe masa gafi. An kashe gafin, an kashe bitamin ɗin tare. Hajiya, narkar da shi kawai a wuta marar ƙarfi, ki jefa albasa tun yana ja. Cokali ɗaya ko biyu ga mutum ya wadatar, mai ne, yawansa na da nasa lahanin. Kuma ki sayi manjanki wurin wadda kika sani. A 2015 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasa, FDA, ta gano manja da aka zuba wa rinin Sudan IV a kasuwannin Accra don ya ƙara ja. Ja mai ɗaukar ido ba shi ne shaidar kyau ba.

Hanta sau ɗaya a mako, yanka kaɗan, ta isa. Mai ciki ta yi hankali da ita, kuma kada ta sha ƙwayar bitamin A sai wadda aka ba ta a awo, don yawansa yana cutar da ɗan tayi. Yara daga wata 6 zuwa 59 ana ɗiga musu shi duk wata shida a wurin awon nauyi. Iyaye da yawa da an gama allurar rigakafi sai su daina zuwa, a duba katin yaro a cike abin da aka tsallake.

Na biyu su ne lutin da ziyazantin, wasu sinadarai rawaya da ke taruwa a tsakiyar bangon bayan ido, daidai wurin da muke karatu da gane fuska da shi. Jiki ba ya ƙera su, sai an ci. Gidansu ganye mai duhun kore: kontomire, alayyafo, ayoyo, zogale, gboma, sai kuma gwaiduwar ƙwai da masara rawaya. Kuma sai da maiƙo hanji ke tsotse su, ganye gaya ba mai rabin aiki ne.

Maƙwabtanmu Asante sun daɗe da gano bakin zaren. Dubi yadda ake yin abom: a wanke kontomire, a tafasa shi har ya nuna sosai don ƙaiƙayinsa ya fita, a zuba a asanka tare da barkono da albasa da tumatir, a niƙa, a marmasa ɗan kifi, a kwarara manja a kai, a yanka dafaffen ƙwai da fiya a gefe, a ci da doya ko ayaba dafaffa. Kwano ɗaya ya haɗa ganye, mai, ƙwai da kifi. Da za a ce in tsara abincin ido daga farko, ban san abin da zan ƙara a kai ba. Namu na gida ma ba baya ba: tuwo zafi da miyar ayoyo, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, miyar alayyafo da agushi, miyar kuka.

Gyara biyu kawai nake roƙo. Kanwar da ake jefa wa ayoyo don ya yi yauƙi ya tsaya kore tana lalata bitamin C da wasu daga cikin dangin B, a rage ta iya raguwa, kuma a sa ganyen a ƙarshe kada ya daɗe a wuta. Sannan kuka da zogale in za a shanya, a shanya a inuwa mai iska. Rana tana cinye launin, amfanin kuwa a launin yake. Kukar da ta yi kore shar ta fi wadda ta koɗe.

Na uku kifi mai maiƙo, sau biyu a mako: amane, sadin, tuna, da makarel ɗin nan da 'yan kasuwa ke kira salmon. Banda ko gasawa ya fi a soya shi ƙayau a tsohon mai. Sauran abubuwan ba su da wuyar samu. Lemo, gwaiba da tattasai suna ba da bitamin C. Gyaɗa na ba da bitamin E. Nama, wake da agushi suna ba da zinki, wanda ke taimakon kai bitamin A daga hanta zuwa ido.

Wanda ke cin abincin waje fa? A wurin mai waakye, ce a rage taliya da gari, a sa ƙwai da kifi da ganye. Da safe koko da ƙosai lafiya lau, amma ka tsaya kan mai zuba sukari. Wannan ba wasa ba ne. Ciwon sukari yana lalata ƙananan jijiyoyin jinin bayan ido a ɓoye, kuma koko mai zaƙi da safe, burkina da rana, sobolo da yamma, lemon kwalba da dare, hanyarsa ce miƙaƙƙiya. Ruwa kuma a sha isasshe, mai azumi ya rarraba shansa tsakanin buɗa-baki da sahur. Sigari da shisha suna gaggauta yanar ido, sigari kuma yana ninka haɗarin lalacewar tsakiyar gani a tsufa. Babu ganyen da zai biya wannan bashin.

Kada dai ka ci abom yau ka ce gobe ido zai daina raɗaɗi a kan waya. Kuma babu abincin da ke raba mai tabarau da tabaransa.

Mataki na 7: Abin da ba za ka saya ba, da abin da ba za ka zuba ba

Tabarau mai tare shuɗin haske ya zama ado a gari. A 2023 ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 17 da aka yi a kansa, ba ta ga alamar yana rage gajiyar ido fiye da gilashi na yau da kullum ba. Shuɗin hasken da ke fitowa daga waya ɗan kaɗan ne in an gwada da na rana. In don kwalliya ne, bismillah. In don magani ne, riƙe kuɗinka ka yi gwajin ido da su.

Ƙwayoyin ƙarin gani ma haka. Akwai haɗin bitamin da babban binciken AREDS2 na Amurka ya tabbatar a 2013, amma ga tsofaffi masu wata cuta ta tsakiyar bangon ido da ta riga ta kai wani mataki, yana rage saurin ci gabanta. Ba a yi shi don saurayi mai kallon TikTok ba. Man kifi na ƙwaya kuma an gwada shi a 2018 a kan mutum fiye da 500 masu bushewar ido, bai fi man zaitun da aka ba ɗaya rukunin ba. Ka ci kifinka. Maganin gargajiya da ake tallarsa a rediyo ko cikin mota, mai warkar da ido da basur da ƙugu a kwalba ɗaya, ba sai na ce komai ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na shagon magani. Za ka ji dattijuwa ta ce wa yaron shago, "Ɗana, ba ni wannan mai wanke ido ya yi fari tas." Shi kuma ya ce, "To Mma, ga mai ƙarfi," ya miƙo mata kwalba. Karanta kwalin kafin ka biya. In ka ga dexamethasone, betamethasone ko prednisolone, mai da shi, sai da takardar likitan ido. Suna kwantar da ja da ƙaiƙayi nan take, shi ya sa ake son su, amma in an daɗe ana ɗigawa suna hawar da matsin cikin ido, su kawo yana, su kuma ta'azzara gyambon ido. Masu sa ido fari kuma jijiyoyi suke tsukewa na ɗan lokaci, da an daina jan ya dawo fiye da da.

Nonon uwa, ruwan sukari, ruwan albasa, fitsari, ruwan ganye: babu wanda ke shiga ido. Lokacin apolo, ciwon jan idon nan mai yaɗuwa, ne aka fi yin wannan ɓarna. Cutar da aka fara gani a nan Ghana a 1969 ƙwayar bairos ce, takan tafi da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu. Abin da aka zuba mata ne yakan bar tabo.

Sai kwalli, kuma na san wurin da na taɓo. Yawancin na dutse mai ƙyalli da ake niƙawa dalma ce a cikinsa, dalma kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Kada a sa wa jariri. Babba mai fama da bushewar ido ya sani cewa layin da ake zizara tozali a kai shi ne daidai bakin kafofin maiƙon nan. A ɗaga masa ƙafa har ido ya warke, kuma kada a yi tarayya a mazizari ɗaya.

Mataki na 8: Yara

Su lissafinsu daban ne, don idonsu bai gama girma ba. Yawan kallon kusa da zaman ɗaka yana da alaƙa da rashin ganin nesa, wanda in ya kama ba ya komawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allo, daga 2 zuwa 4 kuma kada a wuce awa ɗaya a rana. Abin da aka ga yana kare su shi ne hasken waje, kamar awa biyu kullum. Tsakanin boko da makaranta lokaci ya yi wuya, na sani, amma ƙwallon yamma a fili ya fi wayar uwa. Yaron da ke matsawa jikin talabijin, ko yana kanne ido, ko malam ya ce ba ya kwafe allo daidai, a kai shi gwaji kafin a kira shi daƙiƙi.

Mataki na 9: Gwaji

Ka bi matakan nan mako biyu zuwa uku. In ba sauƙi, wataƙila tabarau kake bukata. Daga shekara 40 madubin ido yana fara tauri, sai ka ga mutum yana miƙa waya can nesa kafin ya karanta. Girma ne, kowa zai je. Gilashin karatu na kasuwa, mai lamba +1.00 zuwa +2.50, yana iya yi in idanun biyu ƙarfinsu ɗaya: gwada shi da wayarka a tazarar da kake karatu, ka ɗauki mafi ƙarancin lambar da ta fito maka da rubutu. Sa tabarau ba ya ƙara kashe ido, wannan zance ne kawai.

Amma gilashin kasuwa ba ya duba cikin ido, mu kuwa a ƙasar nan muna da dalilin dubawa. Binciken da aka yi a Tema, aka wallafa a 2013, ya samu kusan mutum 7 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama suna da gilakoma, wadda ake ce wa hawan jinin ido, kuma mafi yawansu ba su san suna da ita ba. Ba ta ciwo, daga gefe take cin gani, abin da ta ci kuma ba ya dawowa. Duk wanda ya kai 40 ya je gwaji duk shekara ɗaya ko biyu. In akwai ta a dangi, tun kafin nan. Mai ciwon sukari duk shekara. Mai sikila ma haka, musamman mai nau'in SC, wanda sau da yawa jikinsa lafiya amma bayan idonsa na taɓuwa.

Akwai cibiyar ido a asibitin Komfo Anokye, akwai sashen ido a asibitin Manhyia, jami'ar KNUST kuma tana da sashen horar da masu gwajin ido. A makon gilakoma na watan Maris da ranar gani ta duniya, Alhamis ta biyu a Oktoba, akan yi gwajin kyauta a wurare da dama, a kasa kunne.

Wasu alamun ba a kwana da su: gani ya ɗauke farat ɗaya, ciwon ido mai tsanani da amai da ganin zobe kewaye da fitila, walƙiya da baƙaƙen ɗigo masu yawo da suka ɓullo kwatsam, wani duhu kamar labule ya sauko ta gefe, ko ganin abu biyu da ya zo farat ɗaya. In ruwan batir, siminti ko bilic ya faɗa ido, a kwarara ruwa mai tsabta na minti 20 tukuna, sannan a kama hanyar asibiti.

Ranar zuwa, ɗauki katin inshorar lafiya, tsohon tabaranka, da duk kwalbar da ka taɓa ɗigawa, har wadda kake jin kunyar nunawa. Faɗa musu awa nawa kake yi a kan waya da irin sana'arka, don tabaran mai kwamfuta ba lallai ya zo ɗaya da na mai karatun littafi ba. Nemi a auna matsin ido, wanda yawanci yake tsakanin 10 da 21, a kuma leƙa jijiyar gani, don gilakoma takan zo ko da matsin bai hau ba. In za su ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido, gani zai yi hazo na awa huɗu zuwa shida kuma rana za ta dame ka, saboda haka bar babur a gida, ka tafi da baƙin gilashi da ɗan rakiya.